Daga Dajin Kent Zuwa Gonarmu Ta Gado: Abin Da Wani Mai Sayar Da Itace Ya Koya Mini

Ranar da Yaya ya kira ni a kan maganar bishiyoyin gonar Baba, ina cikin wani daji a yankin Kent da ke kudu maso gabashin Ingila, ina jera faskare a rumfa. Watan Janairu ne, sanyi kamar ya tsinke yatsu. Bayan mun gaisa, ya tambayi karatu, na tambayi jikin Inna, sai ya shiga abin da ya sa ya kira. Wani mai kai wa gidajen burodi itace ya zo ya zagaya gonar, ya ƙirga bishiyoyi, ya yi tayi. Zai zo da injin zarto da mota, cikin kwana uku ya gama. Kuɗin, in ji Yaya, za su isa takin bana, a gyara ɗakin Inna da damina ta ci, har a rage wani abu na hidimar bikin autarmu.

Na ce, "Yaya, don Allah a dakata mini zuwa Juma'a."

Ya yi dariya ya ce, "Ke da kike Ingila, me ya haɗa ki da icce?"

Ban gaya masa cewa a daidai lokacin ƙafata a kan gungume take ba. Har zuwa ranar babu wanda ya san irin aikin da nake yi ranakun Asabar, domin na san abin da za a ce a gida: an tura yarinya Turai karatun digiri na biyu, ta je ta zama 'yar faskare.

Yadda na faɗa harkar itace

Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Daura, kuma karatuna ya shafi kula da ƙasa da dazuzzuka. Binciken da nake rubutawa a kan ƙananan dazuzzukan da ke hannun ɗaiɗaikun mutane ne, shi ya sa malamata ta haɗa ni da wani dattijo mai daji na eka 15, wanda ya haura shekara saba'in yana sayar da itacen wuta. Na je da niyyar yi masa tambayoyi na awa biyu. Da ya ga na ɗauki gatari ba tare da an nuna mini inda ake kamawa ba, sai ya ce yana neman mai taya shi ranar Asabar. A cikin rubutun nan zan riƙa ce masa Tsoho, don haka nake kiransa a zuciyata.

Kafin in wuce, ga jan kunne ga 'yan uwa ɗalibai da ke Birtaniya. Bizar ɗalibi ta yarda mai karatun digiri ya yi aiki har awa 20 a mako a lokacin zangon karatu, amma ba ta yarda mutum ya yi sana'ar kansa ba. Tsoho ma'aikaciya ya ɗauke ni, da takardar albashi. Wanda ya ce zai sayi itace ya riƙa kaiwa gidaje yana karɓar kuɗi da sunansa, ko da buhu goma ne, ya taka sharaɗin bizarsa.

Mutum zai yi mamakin a ce ana sana'ar itace a Ingila. Ƙasar ba ta da daji sosai. Kimanin kashi 13 cikin 100 ne kawai na Birtaniya ke da daji, kuma hakan ma farfaɗowa aka yi, domin bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya abin ya faɗo zuwa kusan kashi 5, wanda ya sa aka kafa Hukumar Gandun Daji a 1919. Mafi yawan dajin Ingila ba na gwamnati ba ne, na mutane ne da ƙungiyoyi. A ƙauyuka kuma gidaje da yawa suna da murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi a falo, wanda ake hura wa itace don jin ɗumi. Su ne kasuwar Tsoho.

Saran da ba ya kashe bishiya

Ranar farko da ya zagaya da ni, mun iso wani fili da aka sare ƙarƙaf, babu komai sai kututture da tarin rassa. Raina ya ɓaci, don na saba ganin irin wannan a gida, kuma na san abin da ke biyo baya: iska, rairayi, zaizaya. Tsoho bai ce komai ba, ya wuce da ni gaba. Fili na biyu toho ne ya kai mini ƙirji, kowane kututture ya fitar da goma ko fiye. Na uku ya fi ni tsawo. Haka muka yi ta tafiya har muka shiga inda sandunan suka yi kaurin cinyar mutum, suka rufe sama. Ya dafa ɗaya ya ce, "Nan zan sare baɗi."

Ya raba dajin gida 15. Kowace shekara yana sare gida ɗaya tak, kafin ya zagayo kan na farko shekara 15 ta cika, ya sake zama daji. Turawa suna da sunan da suke kiran wannan tsari, ni dai saran toho na sa masa. Yawancin dajin wata bishiya ce da suke kira cesnat, wadda Kent da maƙwabciyarta Sasik suka shahara da ita, sai ash da ok da hezil jefi-jefi. Duk suna da hali ɗaya: in an sare su daidai, saiwar ba ta mutuwa, sabon toho take fitarwa.

Saran yana da ƙa'ida. Ana yinsa ne da hunturu, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da ganye ya zube, ruwan bishiya ya kwanta, tsuntsaye ba su fara sheƙa ba. Ana yanka ƙasa-ƙasa, kuma a karkace, don kada ruwan sama ya kwanta a kan kututturen ya ruɓar da shi. Ana barin wasu manyan ok tsaye nan da can, ba a taɓa su sai bayan zagaye da yawa, su ne katakon gini na 'ya'ya da jikoki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, kututturen da ake yi wa irin wannan sara yakan fi bishiyar da ba a taɓa ba tsawon rai. A yankin Safok akwai dajin Biradfil, wanda tarihi ya nuna ana yi masa saran toho tun shekarar 1252, har yau kuma daji ne. Bayan haka, hasken ranar da ke shiga inda aka sare yana tayar da furanni da ƙwari da tsuntsayen da ba sa iya zama a daji mai duhu. Tsoho yana cewa dajin da aka yi watsi da shi ya fi ba shi tausayi a kan wanda aka sare, domin sandunan sukan yi wa kututturen nauyi har iska ta tsage shi. Ya ga haka da idonsa a guguwar Oktoban 1987, wadda ta kayar da bishiyoyi kimanin miliyan 15 a Ingila, Kent na cikin inda ta fi yi wa ɓarna.

Lissafin sana'ar

A wajen Tsoho na gane cewa itacen wuta shi ne na ƙarshe a daraja. In an kayar da sanda, sai ya dube ta tukuna. Miƙaƙƙiya mai kauri ta masu yin shinge ce, don cesnat ba ya saurin ruɓewa a ƙasa, kuma kuɗinta ya ninka na faskare. Siraran hezil masu lambu ke saye su kafa wa wake. Sai karkatacce da mai kulli da guntaye, su ake yankawa a faskara. Ƙirare ma yana ɗaure su a ƙananan buhuna na kunna wuta. Mutumin da ya faskara miƙaƙƙiyar sanda, a ganinsa, ya ƙona kuɗi ne.

Sai babban al'amari, bushewa. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. In aka hura shi, zafin wutar yana ƙarewa ne wajen ƙafar da ruwan, abin da ya rage sai hayaƙi da baƙin da ke toshe bututun murhu. Don haka ana faskara shi tun yana ɗanye, a jera a kan katako don kada ya taɓa ƙasa, a rufe sama, a bar gefe a buɗe iska ta riƙa ratsawa. Ash yakan bushe cikin shekara guda, ok kuwa sai ya kai biyu. Tsoho yana da 'yar na'ura mai tsinke biyu. Sai ya tsaga gungume, ya soka ta a tsakiyar, ta nuna yawan laimar da ke ciki.

Wannan na'ura yanzu doka ce ta sa ta zama dole. Tun daga watan Mayun 2021, a Ingila ba a sayar da itacen wuta ƙasa da kubik mita 2 sai laimarsa ba ta wuce kashi 20 cikin 100 ba, kuma sai yana ɗauke da shaidar Ready to Burn. Ƙananan masu sana'a irin Tsoho an ɗaga musu ƙafa zuwa Mayun 2022. Kubik mita ɗaya, don mai karatu ya gane, shi ne cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya ne. Ana biyan kuɗin rajista, ana duba samfurin itacen.

To a nan wahalar take. Itacen da muka sare a Janairun bana ba zai zama kuɗi ba sai hunturun baɗi, wani ma sai na baɗin waccan. A tsakani kuwa man inji, sarƙar zarto, gyaran a-kori-kura, inshora, duk yanzu ake biyansu. Ga manyan kamfanoni da ke busar da nasu a tanderu cikin 'yan kwanaki, wasu ma daga ƙasashen Latbiya da Lituweniya suke shigo da shi. Tsoho bai ɓoye mini ba: eka 15 ba ta riƙe gida. Fanshonsa ne ke ci da shi, dajin kuma yana biyan kansa, ya bar masa ɗan abin da ya fi ƙarfin cefane.

A 2022 da kuɗin gas da lantarki suka yi tashin gwauron zabo a Turai, waya ta yi ta ƙara, rumfarsa ta ƙare tun kafin Kirsimeti. Matarsa ta ba ni labarin yadda wani ya zo har gida yana roƙon a sayar masa ko da ɗanye ne, wani kuma ya ba shi shawarar ya sare gida uku a shekara tunda kasuwa ta buɗe. Ya ƙi. Da na tambaye shi dalili, ya ce in ya ci gida uku bana, wata shekara na nan tafe da zai zo da zarto ya tarar babu abin da ya nuna. Yana da wani tsohon littafi mai baƙin bango, a ciki ya zana taswirar dajin, kowane gida da shekarar da aka sare shi da wadda za a dawo masa. Shafin ƙarshe ya kai shekarun da shi kansa ya san da wuya ya gani. Jikarsa yake koya wa karanta shi.

Barewa, kurege da takardar izini

Babban abokin gaban toho a can barewa ce. Ba ta da zaki ko kura da za su rage ta, sai yawa take yi, kuma ba abin da take so kamar sabon toho. In ta cinye shi shekara biyu ko uku a jere, kututturen da ya yi shekaru ɗari yana raye sai ya mutu. Saboda haka da an gama sara sai mu tara rassa mu kewaye wurin, wani lokaci a kafa raga. Ina wannan aiki ina tuna awakin ƙauyenmu da rani, in an sake su bayan girbi. Sai kurege mai toka-toka da aka shigo da shi daga Amurka, wanda ke ɓare bawon ƙananan bishiyoyi. Sai kuma cutar da ke busar da ash, wadda aka fara tabbatar da ita a Birtaniya a 2012. Ta kama yawancin ash ɗin Tsoho. Wanda ta ci yakan yi gautsi, reshe na iya ɓallowa kan mai sara, shi ya sa ba ya bari in matsa kusa in ana kayar da su. Injin zarto kuwa bai taɓa ba ni ba, don ba ni da takardar horo a kansa.

Kasancewar daji naka bai ba ka damar sara yadda ka ga dama ba. Dokar gandun daji ta 1967 ta ce sai da izini. Ba tare da shi ba, kubik mita 5 kawai mutum zai iya sarewa a kowane wata uku, kuma 2 kawai zai sayar daga ciki, ban da siraran sanduna da dokar ta ware. Tsoho ya rubuta tsarin kula da dajinsa, hukuma ta amince, ta ba shi izinin shekara 10. Abin lura a nan shi ne, hukuma ba ta ce bishiyar tata ce ba. Ta bar masa kayansa da ribarsa, ta ce dai wurin ya ci gaba da zama daji.

Kada kuma in yaudari mai karatu a kan hayaƙi. Busasshen itace yana rage shi, bai kawar da shi ba. A Ingila likitoci da masu kare muhalli suna sukar murhun itace a cikin birane, kuma suna da hujja. Mu kuwa namu ya fi muni, domin iyayenmu mata a kansa suke wuni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana kashe mutum kimanin miliyan 3 a shekara. Tarin Inna ba daga sama ya faɗo ba. Amma muddin tukunyar gas ta fi ƙarfin talaka, itace za a hura, don haka tambayar ita ce daga ina zai fito, kuma wa zai tabbatar ya sake fitowa.

Abin da na baro a Matamaye

Wata Asabar ina kewaye kututture da rassa, sai na tsaya cak. Na taɓa ganin wannan aiki. Dangin Inna mutanen Matamaye ne a jihar Damagaram, kuma muna yara mukan tsallaka hutu wajen Kawu. Gonarsa cike take da gawo da kalgo da sabara, gero na girma a ƙarƙashinsu. Nakan gan shi da 'yar wuƙa yana duƙawa kan wani ɗan kurmi, ya zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, ya yanke saura, ya sassabe na ƙasa, ya ɗaura tsumma don masu wucewa su san da mai shi. Rassan da ya cire su ne itacen girkin gidan. A lokacin na ɗauka rashin aikin yi ne.

Sai da na zo Ingila na karanta a aji cewa abin da Kawu ke yi duniya ta san da shi. A farkon shekarun 1980, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yana aikin dashen itace a yankin Maraɗi, dashen na ta mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan kurmin da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, tohon manyan bishiyoyi ne da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Manoma suka karɓi dabarar, suka gyara ta daidai da gonakinsu, maƙwabci ya koya daga maƙwabci. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da bishiyoyi kusan miliyan 200, galibi a Maraɗi da Damagaram, ba tare da dashe ba.

Wani ɓangare na labarin da ba a cika faɗa ba shi ne na mallaka. Tun zamanin Faransa doka ta ɗauki bishiya a matsayin kayan gwamnati, har manomi na iya shan tara don ya sare reshe a gonarsa. Wa zai rena abin da zai jawo masa tara? Sai da aka sassauta, manomi ya tabbatar cewa abin da ya rena nasa ne, sannan gonaki suka yi kore. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi wannan haƙƙi a rubuce.

Da na ba Tsoho wannan labari ya daɗe yana jinjina kai. Shi da Kawu ba su taɓa jin labarin juna ba, ba su da yare ɗaya, amma dukansu sun san abu ɗaya: gatari ba shi ke kashe daji ba. Abin da ke kashe shi shi ne mai saran da ya san ba zai dawo wurin ba.

Gonar gado

Wannan ya dawo da ni kan wayar Yaya. Shekara shida ke nan da rasuwar Baba, Allah Ya jiƙansa, ba a raba gonar ba. Mu bakwai ne, ga Inna. Ana nomawa tare, ana raba amfani, kowa na jin kunyar ya fara ta da maganar rabo. Kuma a nan cutar take. Ɗorawar nan ta kowa ce, saboda haka ba ta kowa ba ce. Babu wanda zai ɓata ranarsa yana kare toho daga awaki alhali bai san ko gefen zai faɗo a rabonsa ba. Kuɗin mai burodi kuwa ana iya raba su a yau, a kan tabarma.

Ban ga laifin Yaya ba. Shi ke gida, shi ake tasa da dare in Inna ba ta da lafiya, ni kuwa ina nesa ina aiko da shawara ta waya. Na kuma san yadda maganar ƙanwa mace take sauka a irin wannan zama. Don haka daren Alhamis ban yi masa wa'azin sauyin yanayi ba. Na roƙe shi ya zagaya gonar da waya a kunne, ya faɗa mini abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ina rubutawa kamar yadda Tsoho ke yi a littafinsa. Gawo, ɗorawa biyu, tsamiya, kuka, marke, sai layin darbejiya da turare da Baba ya dasa a iyakar gabas don tare iska.

Sai muka yi lissafi. Ɗorawa tana ba Inna kalwar daddawa kowace shekara, har ta sayar. Gawo yana zubar da ganye da damina, bai hana gero rana, ga taki a ƙarƙashinsa, ga 'ya'yan da tumaki ke ci da rani. In an sayar da su an ci sau ɗaya ke nan. Darbejiya da turare kuwa irin cesnat ne, in an sare su da kyau suna tohowa. Na ce a raba layin gida biyar, a sare ɗaya bana, a ware miƙaƙƙu a kai wa masu azara da rumfa, sauran a faskara a bar su su bushe, a sayar dami-dami da damina lokacin da busasshen icce ke wuya. A kuma nemi malamin daji na ƙaramar hukuma kafin a sa gatari, don kada a yi abin da zai zama magana.

Yaya ya ce, "Wannan duk na ji. Amma ɗakin Inna ba zai jira damina ba."

Gaskiya ya faɗa. A nan ne na gaya masa inda nake zuwa ranar Asabar, na ce kuɗin faskaren da na tara su za su yi ɗakin. Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Can ya ce, "Ashe ke ma 'yar icce ce." Muka yi dariya, amma muryarsa ta canja.

Ba zan ce komai ya daidaita ba. Ɗaya daga cikin yayyena har yanzu yana ganin an hana shi kuɗinsa, kuma marke ɗaya ya tafi, don sai da aka ba mai burodi wani abu kafin a rabu lafiya. Bikin auta an rage masa armashi. Cikin kututturen da aka sare, awaki sun cinye tohon wasu kafin a kewaye su da ƙaya. Amma sauran sun toho, Yaya ya turo mini hotonsu. Ya kuma bar kalgo da sabara a cikin gonar bana, ya ɗaura musu tsumma, bayan Inna ta ce ai haka ɗan'uwanta yake yi tun tana budurwa. Mafi muhimmanci, an sa ranar da malamai za su zauna a raba gonar bayan Sallah, kowa ya san gefensa da bishiyoyin da ke ciki. Na riga na ce in Allah Ya sa layin gabas ya faɗo a rabona, ina so.

Ga 'yan uwa da ke Kumasi, Yawunde, Jidda, Landan ko Hustan, da yawanmu muna da irin wannan gona a gida, kuma irin wannan waya za ta zo. In ta zo, kada mu tsaya kan "kar a sare", don mai faɗar haka daga nesa ba shi ke kwana da matsalar ba. Mu tambayi wace bishiya ce, tana tohowa ko ba ta yi, nawa za a sare bana, wa zai tsare tohon, kuma ta wace ce. In akwai hali, mu ɗauki nauyin abin da ya sa ake son sarewar.

Asabar mai zuwa za mu fara kwashe ash ɗin da ya bushe, mu kai wa wata tsohuwa da ke saye a wajen Tsoho tun kafin a haife ni. Har yanzu bai yarda in taɓa zarto ba, amma ya ba ni sabon littafi mai baƙin bango. A shafin farko na zana gonar Baba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka dasa muka sha inuwa, Ya ba mu ikon barin wani abu ga na baya.